Sikelin Nanay Luding

Tun da Nestor ya bar aikin jirgin ruwa ya dawo garinsu Iloilo, ba shi da zance sai na giyar da yake haɗawa da hannunsa. A jirgi ya koya wurin wani Bajamushe, ya kuma kwaso har da iyayin. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha karatu: in giya ta nuna, ana zuba mata ɗan sukari kafin a rufe kwalabe, shi yis, wato ƙwayar da ke sa giya tashi, zai ci ya ba ta kumfa. In ya yi kaɗan ta fito salam, in ya yi yawa kwalba ta tarwatse.

Ranar da zai ɗura giyar bikin baftismar 'yarsa, batirin ɗan sikelinsa ya mutu. Sai ya leƙa shagon mahaifiyarsa Nanay Luding a ƙofar gida, ya ɗauko tsohon sikeli mai allura da take auna busasshen kifi, ya auna sukari giram ɗari da talatin, ya mayar bai ce mata uffan ba.

Ran biki rana ta ƙwalle. Unguwa duk ta hallara ƙarƙashin rumfa, ana cin taliya da gasasshen nama, Nestor na ta kai da kawo yana cewa kowa ya bar wuri a cikinsa. Sai ji aka yi tau! daga ƙarƙashin tebur, inda ya jera kwalaben giyar, ɗaya ta fashe. Kafin a waiga ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Mata suka kwashi yara, kumfa ta malale ƙasa, wani guntun kwalba ya tsaga ƙwaurin Manong Berting, dattijon da ya tsaya wa jaririyar a coci.

"Nestor, ashe wasan wuta ka tanadar mana?" in ji Manong Berting, yana ɗaure ƙafa da hankici. "Ai da ka bari sai sabuwar shekara!"

Aka fashe da dariya. Da Nestor ya yi dariyar shi ma, da magana ta wuce. Amma kunya ta kama shi, ya shiga neman wanda zai jingina wa laifi. Ya faɗa shago ya fito da sikelin, da ƙullin sukari na kilo ɗaya wanda ba a fasa ba, ya dire a tsakiyar tebur. Allura ta tsaya a giram ɗari tara.

"Ku gani da idonku! Ni aikina ba ya kuskure." Ya juya ga mahaifiyarsa. "Nanay, shekara nawa kina auna wa bayin Allah kifi da ɓarawon sikeli?"

Matarsa ta ja masa gefen riga, ya fizge. Abin da ya fara damunsa shi ne babu wanda ya kalli tsohuwar. Matan unguwa duk ƙasa suke kallo, kamar su aka kama.

Nanay Luding ta ajiye cokali.

"Toto," ta ce, da sunan da take kiransa tun yana goye, "sikelin da ke ganin kilo ya ce ɗari tara, wa yake cuta? Mai saye ko mai shago?"

Nan lissafin ya juye masa a ka. Kowane awo sai giram ɗari ya wuce kafin allura ta motsa. Sukarinsa ya kusa ninkawa, haka ma kifin mai sayen kaɗan.

"Lokacin da kake jirgi ka bugo waya ka ce ba don in yi ta rabon gyara kake turo jari ba. Na ce to, na daina. Sai na murɗa allurar sikelin baya, ya riƙa yi mini gyaran. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya gode, kowa ya tafi da mutuncinsa."

Ta ɗauki sikelinta ta rungume ta shige ciki. Baƙi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Nestor ya durƙusa yana tsince kwalabe, yana fatan ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya kasa fita. Yana bayan labulen shago ya ji muryar Manang Saling, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki huɗu.

"Luding, a ba ni rubu'in kilo."

Nanay Luding ta zuba har allura ta kai, ta ɗauko takarda za ta naɗe.

"Dakata," in ji Manang Saling.

Ta sa hannu ta tsame kifi ɗaya ta mayar kwando, ta ƙara ɗaya, ta ƙara, fuskarta a ɗaure.

"Haba Saling, bar shi mana."

"A'a. Da ban sani ba ne nake ci. Yanzu ɗanki ya sanar da ni a gaban jama'a."

Ta karɓi ɗan abin da ya rage, ta tafi ba ta waiga ba. Nanay Luding ta daɗe tana kallon kwandon. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Toto, na san kana nan. Je ka ɗauko naka mai batirin. Nawa ya gama aiki."