Ƙwayar Ranar Talata

Abin ya fara ne ranar Lahadi, lokacin da Torsten, tsohon makaɗin cocin unguwarsu a birnin Uppsala na ƙasar Sweden, ya kira 'yarsa Ylva da sunanta, karo na farko tun bara, har ya tambaye ta ko ta gyara birkin kekenta.

Tun kaka aka saka shi cikin gwajin wani sabon maganin ciwon mantuwa. Rabin majiyyatan ana ba su maganin gaske, rabi kuwa ƙwayar da babu komai cikinta sai gari, kuma daga likita har majiyyaci babu mai sanin wadda ta faɗo wa mutum. Ylva masaniyar harhaɗa magunguna ce. Akwai hannunta wajen ƙera sinadarin maganin, shekaru kafin ya bar ɗakin bincikensu.

Ranar Talata da safe ta zare ƙwayar ranar daga kwalin maganin mahaifinta, ta jefa a aljihu, ta taka keke zuwa wurin aiki. Ta kunna na'urar awon sinadarai, ta je taga, ta dawo. Ta wanke kwalbar da ta riga ta wanke. Kafin azahar za ta iya sanin ko maganin ne ya dawo mata da mahaifinta, ko kuwa rana ɗaya ce kawai Allah Ya ara musu.

A haka Malte, abokin aikinta mai furfura, ya same ta, yana riƙe da kofi da burodin kirfa. Ya dubi ƙwayar a tafin hannunta, ya gane ta.

"Iye, 'yar makaɗin coci ta fara sata," ya ce. "Kuma tsohon nata ta fara yi wa."

Ta ce babu wanda zai sani. Ya yarda da haka, amma ya tuna mata cewa ita ce ke zama gaban likita duk wata tana ba da labarin yadda Torsten yake, kuma da amsoshin irinta za a yanke hukunci kan maganin, ga dubban iyayen da ba nata ba.

"Ke ko katin wasa aka raba, a fuskarki ake karantawa. In kika ga maganin ne, ko atishawa ya yi sai ki ce sauƙi ne. In kika ga gari ne fa? Da wane ido za ki dube shi ran Lahadi?"

Wayarta ta yi ƙara. Torsten ne, yana cigiyar ƙwayarsa ta safe, ya duba har cikin akwatin takardun waƙa. Ya kira ta Gunnel, sunan mahaifiyarta da ta rasu.

"Tana wurina, Baba. Zauna, ka sha ruwa."

Na'urar ta gama ɗumi, fitilarta ta koma koriya. Ylva ta daɗe tana kallonta, sannan ta kashe, ta ɗauki hular kwanonta ta hawan keke.

"Ba zan auna ba," ta ce wa Malte. "Zan kai masa ya sha."