Carbin Ciyaman

Alhaji Boukari ya buɗe baki zai fara magana, sai ya hango Fareeda a bakin rumfa tana nuna masa carbin hannunsa da ido. Ya haɗiye maganar da ƙyar, har da ɗan tari.

Shekara goma sha tara yana shugabancin ƙungiyar 'yan albasa ta kasuwar Race Course, kuma a kowane mitin shi ke fara magana. Haka suka gada daga iyayensu da suka zo daga Nijar: babba ya faɗi tasa, kowa ya ce haka ne, a shafa fatiha a watse. To yau samarin ƙungiyar sun zo da niyyar ɓallewa su kafa tasu rumfar. Alhaji ya sakankance kujerarsa suke so. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce a hannunsa ƙungiyar da mahaifinsa ya kafa ta tsage biyu.

Fareeda 'yar amininsa ce, aikinta horar da manajojin kamfanoni a unguwar Adum kan yadda ake tafiyar da mutane. Da aka ce za ta taimaka masa, ya zaci lacca za ta yi masa da Turanci. Ina! Mitin biyu ta zauna a gefe tana kallon yadda ake yi. Sai wata safiya ta tarar da shi yana shan koko, ta jefo masa tambaya.

"Baba, yaushe rabon da wani ya ce maka a'a?"

"Ba sa cewa. Ai girmama ni suke yi."

"To ta ina kake jin abin da ke damunsu?"

Kokon nan bai shanye shi ba. Ranar suka yi yarjejeniya: a mitin na gaba zai yi tambaya ɗaya tak, ya kama jan carbi, ba zai sake furta komai ba sai ya kai ƙarshe. In wani ya yi magana, ya koma farko.

Yanzu ga shi a gaban jama'a, warin albasa ya cika rumfa. Ya ce, "Me ke damun ku?"

Mutane suka kalli juna, suna jiran jawabin da aka saba. Alhaji ya ja ƙwaya ashirin, ya ja arba'in. Bai taɓa sanin carbin nan yana da tsawo haka ba. Yana kan sittin da wani abu Shakiru, jagoran samarin, ya miƙe.

"Baba Ciyaman, kujerarka ba mu so koraa, ko kaɗan. In mota ya zo daga Galmi, manya ke fara zaɓen buhu. Mu sai na ƙasa, wanda zafi ya dafa tun a hanya. Rabin buhu ruɓaɓɓe. Sau uku ina so in faɗa, kafin in tashi an shafa fatiha."

Amsa ta zo wa Alhaji har bakin leɓe: mu ma na ƙasa muka ci muka girma. Ya matse ƙwayar carbi, ya koma farko.

Sai tsoho Issifu, wanda bai yi magana a mitin ba tun ana kashe tsohon kuɗin sidi, ya gyara murya. "Yaran nan gaskiya suka faɗa. Zamanin babanka ƙuri'a ake yi da tsinken ashana, wanda ya ja dogo shi ke fara zaɓa. Mu muka bari abin ya mutu, don ya yi mana daɗi."

Daga nan baki ya buɗe. Aka yi musu, aka yi dariya, wani ya fita ya sayo ashana. Kafin kiran azahar an daidaita kan a koma ƙuri'a, ba wanda ya ƙara ambaton sabuwar rumfa. Duk ido ya dawo kan Alhaji.

"Yoo," in ji shi. "A yi haka."

Wata uku yana ɗauke da fargabar nan, ashe maganar buhun ƙasan mota ce kawai.

Ana watsewa Issifu ya riƙe hannunsa gam. "Alhaji, wallahi tun da aka naɗa ka ban ji ka yi jawabi mai ma'ana irin na yau ba."

Alhaji ya dubi Fareeda. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya ƙirga a zuci abin da ya faɗa tun safe: kalma takwas. Ya jefa carbin a aljihu, sannan ya sake zaro shi, don ya hango Shakiru na tahowa, da alama akwai sauran magana.