Akwatin Wayoyi a Ofishin Sulhu

Bayan kashe-kashen bara, gwamnati ta buɗe ofishin sulhu, ta horar da masu shiga tsakani, ta rubuta musu dokoki. Ta farko: duk mai zama teburin sulhu zai ajiye wayarsa a akwati a kulle, kada a zuga shi daga waje.

Da hantsi jami'in sulhu ya karɓi waya biyu. Ɗaya ta tela ce, mai magana da yawun mutanen bayan kasuwa. Ɗayar ta Shugaba ce, jagoran 'yan daban da ke son a kore su. Tela ya so ya riƙe tasa, don matarsa da 'ya'yansa mata biyu na gida. Jami'in ya ce awa ɗaya ce kawai.

Shugaba ya yi ta jan magana. Ya nemi ruwa, ya tsokani tela cewa ɗinkinsa ma ba ya ƙarko, balle alkawarinsa.

A lokacin yaran Shugaba sun tare layin tela gaba da baya. Suka tambayi wani mai tumatir asalinsa, suka sare shi a kan tirensa. Suka kwarara fetur ta ƙarƙashin ƙofofi. Wanda ya diro ta taga, adda na jiransa. Matar tela ta tura 'ya'yanta ƙarƙashin gado, ta tokare ƙofa da keken ɗinki, tana ta kiran mijinta.

Akwatin na ƙarfe ne, kowa na jin waya tana kaɗawa a ciki.

"Ranka ya daɗe, buɗe min," in ji tela.

"Baba, in na buɗe maka, sai na buɗe masa," in ji jami'in.

"Ni ba na jiran kiran kowa," in ji Shugaba.

Jami'in ya dube shi, sannan ya ɗauko makulli.

Tela ya amsa wayarsa. Lambar matarsa ce, amma namiji ya yi magana. Ya ce a ba Shugaba. A bayansa ana jin kukan ƙaramar 'yar tela.

Shugaba ya karɓa, ya rufe bakin wayar da tafin hannu. Ya ce a ƙara layi ɗaya a takardar sulhu: mutanen bayan kasuwa sun yarda su tashi kafin gobe, bisa raɗin kansu. Jami'in ya ce wannan ba sulhu ba ne. Tela ya fizge biron daga hannunsa, ya rubuta da kansa, ya sa hannu.

"Ku bar ukun nan su fito," in ji Shugaba a wayar. "Su kaɗai."