Ai Bakwaini Ne

"Ki bar shi ya kwanta, ai bakwaini ne," in ji yayan maƙwabcina, yana goge gilashin motarsa, ko ɗago kai bai yi ba.

Na ce, "Yaya, ƙafafunsa fa sun kumbura, silifa ma ba ya shiga. Tun jiya bai yi fitsari ba."

"Haka yake tun yana tsumman goyo. Ni da za a haife ni sai da ungozoma ta nemi taimako. Shi kuwa a kwalin takalmi aka kwantar da shi."

Labarin kwalin nan na ji shi har ya gundure ni. Maƙwabcin nan nawa, katanga ɗaya ta raba mu, mai gyaran rediyo ne, mutum da furfura a gemu, amma a gidansu har lokacin sunansa Bakwaini. In kansa ya sara, bakwaini ne. In jiri ya kwashe shi a bakin shago, bakwaini ne. Kalmar nan ce kaɗai maganin da suka taɓa ba shi. Shi ma bawan Allah ya haddace ta, in ka yi masa sannu sai ya ce, "Ai mu haka muke."

Sai da na ɗaga murya, mutane suka fara leƙowa, sannan ƙaton ya ta da mota. Kunyar idon jama'a ce ta kai mu asibiti.

Likita ta auna shi, ta tambayi yadda aka haife shi. Nan fa Yaya ya gyara zama, an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi, ya zazzage mata labarin kwali.

Ta ce, "Irinsu wani lokaci ƙodarsu ba ta da ƙwari, hawan jini kan kama su da wuri. Shi ya sa ya kamata a ce ana auna shi tun tuni. Yanzu sai wankin ƙoda, kuma kada a yi fashi."

Wallahi na ga fuskar yayan nan ta washe kamar an yi masa albishir. Rabin farko kawai ya ɗauka, sauran ya bar wa likita kayanta.

"Kun ji ko? Likita ma ta faɗa, daga haihuwa ne!"

Tir! Sau ɗaya ya sake kai shi. Daga nan yau mota ba lafiya, gobe shi ba lokaci. Ni da matar mai rediyon muka riƙa kinkimarsa zuwa bakin titi neman abin hawa, har ya zama ba ya ɗaukuwa.

Ranar ƙarshe na same shi jingine da bango, numfashi sama-sama. Na fara zagin yayan nasa, ya ɗaga min hannu.

"Maƙwabciya, bar shi. An ce musu ba zan kwana ba. Tun ranar suke jira."

Kafin la'asar ya cika.

Wajen gaisuwa Yaya ya fi kowa baki. "Ai ya ma yi ƙoƙari," yake ta faɗa, mutane na gyaɗa kai. Ban gaishe shi ba, kuma ba zan gaishe shi ba.

Da matarsa ta buɗe shagon don a mayar wa mutane kayansu, akwai wata rediyo a kan tebur, bayanta a buɗe. Ya jera kusoshinta a murfin kwalba, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kwance su. Ta tsaya tana kallonsu, ta kasa taɓawa.