Katifa Mai Naɗuwa

Rufa'i, mai sayar da katifu a kasuwar Difa, ba ya tambayar mutum daga ina ya fito. Ma'aikacin gwamnati kwanciya yake yi a kan katifa, ya juya, har ya lumshe ido. Soja dunƙule hannu yake ya danna. Mutumin bakin kogin Kumadugu kuwa, ɗaga ta yake ya ji nauyinta.

Abdulmumin, manomin tattasai, ɗagawa ya yi. Bai kai ta gwiwa ba ya sake ta, ya dafe ƙugu da hannu biyu, gumi ya karyo masa.

"Malam, kwanciya ake yi," in ji Rufa'i. "Katifa ce, ba buhun gero ba."

Kaltum, matar Abdulmumin, ta kunce gefen mayafinta ta fito da takardar likita, duk ta yamutse. Ba ta iya karanta ta ba, amma ta haddace abin da aka faɗa musu: ya daina kwana a tabarma, ya nemi katifa mai kauri, wadda ba ta lotsawa, ba kuma mai taurin katako ba. In ba haka ba, bayansa ba zai sake sunkuyawa ba.

To, manomin tattasan da ba ya sunkuyawa, me ya rage masa? Goni, wani dattijo a Shetimari, ya ba shi aron fili kusa da ruwa, kuma ya faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: saura mako uku a fara dashe, in bai iya ba, akwai masu jira.

Rufa'i ya shimfiɗa guda uku a ƙasa. Akwai ta audugar rimi, mai daɗin kwanciya, amma wata biyu ta yi rami. Akwai siririya ta soso, wadda kaurinta bai wuce yatsu uku ba. Sai babbar, mai kaurin taƙin hannu guda, wadda in ka danna ta dawo nan take.

"Wannan ce ta takardarku," in ji shi. "Bismilla, gwada."

Da ƙyar Abdulmumin ya kai ƙasa, Kaltum na riƙe da hannunsa. Ya miƙe a kan babbar. Wallahi abin tausayi, fuskar nan da ta shekara tara a ɗaure sai ga ta ta saki. Ya ja numfashi har cikinsa. Kaltum ta kau da kai, don ta ji hawaye na zuwa kuma ba ta son kuka a kasuwa.

"Tana naɗuwa?" ya tambaya, idonsa a rufe.

"Wannan? Ai ƙato biyu ma ba su lanƙwasa ta. Sai dai amalanke."

Sai ya buɗe ido.

Ba taurin kai ba ne kawai. Sau uku suna tashi. Ranar da masu bindiga suka shigo ƙauyensu, ya ƙi barin katifar auren Kaltum, irin mai nauyin nan, ya ɗora ta a ka, yini biyu yana tafiya da ita har Yebi. Can ciwon bayan ya fara. Daga Yebi suka sake gudu zuwa bakin kwalta, katifar ta zauna can. Na ukun kogin ne da kansa ya cika ya kore su. Tun daga nan ko tukunya Abdulmumin zai saya, sai ya ɗaga ta tukuna.

"Ba ni siririyar," ya ce.

"Malam," in ji Kaltum, "likita ya ce..."

"Likita albashi ya kawo shi Difa. Ran da aka ce a tashi, mota zai shiga."

"Shekara biyu ke nan ba mu tashi ba."

"A Yebi ma haka kika ce."

Ta kuwa faɗa ɗin. Rufa'i ya so ya sa baki, ya ce siririyar nan da tabarma duk ɗaya ne ga mai ciwon baya, amma ya sha faɗin haka ga mutanen kogi, ba wanda ya taɓa ji. Ya naɗe ta, ya ɗaure da igiya, ta koma kamar damin kara.

Abdulmumin ya lallaɓa ya tashi daga kan babbar, yana cije leɓe. Ya sunkuya zai ɗauki wadda ya zaɓa. Hannunsa bai ma kai ga igiyar ba ciwon ya soke shi, ya tsaya nan a duƙe, ya kasa gaba ya kasa miƙewa, sai da Rufa'i ya tallabe shi.

Kaltum ta sa hannu ɗaya ta ɗora katifar a kanta. Ba ta da nauyin komai. Ta matso ta ba shi kafaɗa.

"Ita dai ta ɗauku," ta ce a hankali. "Kai fa, Malam?"

Ya dafa kafaɗarta. Suka bi ta layin masu tattasai, inda buhuna ke jibge ja wur, ƙamshin na shiga hanci, yana jan ƙafa, tana jiransa. Sai da suka fita ƙofar kasuwa ya yi magana, kuma bai dube ta ba.

"In mun isa, ki aika wa Goni. Ya ba wani filin."