Turmin da Aka Shanya a Bakin Titi

Ruwan da ya shigo layin su Celestina a unguwar Levenshulme ta birnin Manchester bai yi wa kowa sallama ba. Guguwa ta yi kwana biyu tana yaye rufin gidaje, ɗan rafin bayan layi, wanda ko agwagwa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, ya cika ya tumbatsa, kafin a ankara ruwa ya kai gwiwa a kowane falo. Da ya janye sai ya bar musu laka da wari, da kujerun da suka kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi.

Celestina tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shekararta ashirin da biyu a Manchester, ba kuma mace ce mai saurin karaya ba. Firij ya mutu, ta ce dama ya tsufa. Talabijin ta mutu, ta ce ai ƙarya ta fi yawa a cikinta. Abu ɗaya ta fara lalubowa a cikin laka, shi ne turmin mahaifiyarta.

Turmin ƙirya ne, baƙi wuluk don tsufa, yana da tsaga a gefe wadda aka ɗaure da waya tun Celestina tana firamare a Kagoro. Da tsohuwar ta rasu, 'yan'uwa suka raba zannuwa da tukwane, ita kuwa ta ce turmi take so. Ta sako shi a jirgi naɗe cikin bargo, ma'aikatan filin jirgi suna ta leƙa cikinsa ko za su ga abin da ta ɓoye. Tun daga lokacin, kowace Asabar sai layin ya san ana sakwara a gida mai lamba goma sha huɗu.

Kwana biyar bayan ambaliya rana ta leƙo, abin da ba kasafai take yi a garin ba. Celestina ta yi abin da kowace mace mai hankali za ta yi a garinsu, wato shanya. Bayan gida duk laka ne, don haka ta fito da darduma da kujeru biyu da turmin, ta jera su a bakin titi daidai ƙofarta, ta kwantar da turmin a karkace yadda rana za ta shiga cikinsa. Taɓarya ta bar ta a sama, ita ruwa bai taɓa ta ba. Daga nan ta hau bas zuwa zauren makarantar da ake raba injinan busar da bango.

Da ta dawo, bakin titi fes, kamar an lashe.

Rachel, tsohuwar Baturiyar da suke bango ɗaya, ita ta yi mata bayani, tana yi tana murza hannu. Motar sharar council, wato hukumar gari, ta zo ta kwashe duk tarkacen layin. Ta ce kuma ai a nan duk abin da aka ajiye a bakin titi, mai shi ya sallama shi ke nan, wanda ya so ya ɗauka. Celestina ta san haka sarai. Ita kanta da haka ta sami teburin gugarta. Amma da ta ga rana sai shekara ashirin da biyu suka fice mata daga kai, hannunta ya yi abin da ya saba tun tana yarinya.

Ta buga waya ofis-ofis. Ta hau bas biyu zuwa inda ake jibge shara, wani mutum mai riga mai ƙyalli ya saurare ta da ladabi tana kwatanta masa turmi da hannu, daga ƙarshe ya tambaye ta ko tukunyar fure take nufi. A ranar ce ta yi kukan da ba ta yi wa firij ba, a kujerar baya ta bas, fuska a jikin taga.

Goodness, 'yarta da ke aikin lauya a Birmingham, ta samu ƙofa. Dama tun ranar ambaliya take lallashin uwar ta tattara ta koma wurinta.

"Mummy, ki zo kawai. Flat ɗina hawa na shida ne, ruwa ba zai taɓa zuwa ba. Zan saya miki machine, minti uku an gama sakwara."

"Abin da injin ke yi ba sakwara ba ce, Goodness. Doya ce aka ci wa mutunci."

Ta ƙi tafiya, amma ta daina dariyar da aka san ta da ita.

Layin kuwa ya shiga gyara gadan-gadan. Aka ɓamɓare katakon ƙasa, aka kankare bango har zuwa ƙugu, injinan busarwa suna ta gurnani daga safe zuwa yamma. Matasan coci da ɗaliban masallaci suka haɗu suna kwasar laka da baro, suna gardamar ƙwallo. Mai shagon lungu ya sake buɗewa da rabin kanta. Rachel, wadda ta shekara tara tana ƙorafin daka yana girgiza mata kofunan shayi, ta ce wa Celestina Asabar ta zama shiru kamar maƙabarta. Celestina ta gode mata, duk da ta ga yabon ya zo a makare.

Mako na shida, ranar Asabar da hantsi, tana dawowa daga Stockport Road da ledar albasa, ta yanke ta wani lungu da ba ta cika bi ba. Sai ta ja ta tsaya.

Daka ake yi a bayan wani gida. Ko wannan kaɗai abin tsayawa ne a Levenshulme. Amma bayan kowane dum akwai wani ɗan kas da ke biyo shi, ƙarar waya a jikin tsaga. Ledar albasa ta kusa suɓuce mata. Ba ta taɓa jin turmin daga nesa ba tun da ya dawo hannunta, domin kullum ita ce a kansa. Daga nesa kuwa sauti ne na daban. Shi take ji in an taso su daga makaranta, tun daga gindin mangwaron bakin hanya, ta san Mama tana gida kuma abinci ya kusa.

Ta bi sautin gida-gida har ƙofar baya ta wani gida, ta ƙwanƙwasa. Wata budurwa siririya mai gilashi da hijabi ruwan toka ta buɗe, idonta ja saboda barkono. A bayanta ga turmi zaune a kan tsohuwar darduma, yana sheƙi. A hannunta kuma ƙafar tebur ce.

Celestina ta manta da Turanci, ta yi sallama da Hausa. Yarinyar ta washe baki, ta rusuna ta gaishe ta, ta ce sunanta Khadijatu, daga Katsina, karatun digiri na uku take a jami'a. Da ta ga inda idon baƙuwar ya kafe, sai murmushin ya fara dusashewa.

Khadijatu ta yi bayani da sauri. Ta ce ran nan tana wucewa ta ga turmi a bakin titi, motar council kuma saura gida uku ta iso. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ba kowa. Ta ga ba za ta iya tsayawa tana kallo a jefa turmi a shara ba, sai ta gangaro shi har gida, mutane suna kallonta. Ta busar da shi a inuwa sannu a hankali, ta shafe shi da man gyaɗa yadda kakarta ke yi. Taɓarya ce ba ta samu ba, sai ƙafar teburin da ruwa ya karya. Rabonta da gida shekara biyu, in ta daka yaji sai ta ji sauƙi.

"Naki ne, Mama? Wallahi na ɗauka an yar. Bari in wanke in kai miki yanzu."

Celestina ta durƙusa, gwiwa tana ƙara, ta shafa tsagar da babban yatsa. Wayar tana nan. Ta ɗago ta kalli ƙafar teburin da kyau.

"Da wannan kike dukan turmin uwata?"

Khadijatu ta sunkuyar da kai. Celestina ta miƙe ta fita, ta bar albasarta a ƙasa, yarinyar kuwa ta tsaya tana tunanin ko 'yan sanda aka tafi kira. Minti goma sai ga ta, da taɓarya a kafaɗa, ta ratso titi da ita ana ba ta hanya.

Ta miƙa wa Khadijatu. Ta ce kicin ɗinta ko katakon ƙasa ba shi da shi tukuna, turmin ya zauna a nan har a gama gyara, bayan nan sa san yadda za su yi. Ta gyara mata riƙo, ta ce a bar taɓarya ta faɗi da nauyinta, ba faɗa ake yi da ita ba. Sannan ta nufi ƙofa.

"Mama, ba za ki zauna ba? In dafa shayi."

"Zan zauna, 'yata. Ke dai ki yi ta daka, kar ki tsaya."

"Ina za ki?"

"Bakin lungu. So nake in sake tahowa ina jinsa."