Ɗigo Biyu a Idon Sawu

Sista Aishatu ta warware tsumman da ke ɗaure a ƙafar Namadi, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗago kai.

"Malam, wa ya yi maka wannan?"

"Arzika ne," in ji mahaifiyarsa, Inna Dija, daga bakin ƙofa, da muryar mai jiran a gode mata. "Wanzaminmu na Bukkuyum. Shi ya yi wa wanga yaro kaciya."

Yaron yana da shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku. Sista ta fita kiran likita.

Damina uku ke nan da Namadi ya faɗa rami da babur a hanyar Nasarawa Burkullu. Ƙashi bai karye ba, don haka kowa ya ce ya auna arziki. Sai dai tun ranar, jijiyar da ke bayan idon sawunsa na dama ta daina zama inda Allah ya ajiye ta. Da ya buga kik, sai ta yi ƙas, ta tsallako kan ƙashi, shi kuma ya durƙusa gaban fasinja yana mayar da ita da babban yatsa. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar sau uku. Kowane karo ta kwanta lafiya har ranar da aka kwance. 'Yan kabu-kabu na tasha suka raɗa masa suna Sai-an-tura. Alhaji Umaru, mai babur ɗin, bai cika dogon zance ba. Ya ce in an gama azumin bana ƙafar ba ta gyaru ba, zai ba wani makullin.

Ana haka rediyo ta ce likitocin sa-kai sun sauka a Gummi na kwana huɗu. Ranar Talata Namadi ya bi layi tun hantsi har la'asar, ya samu ganin Dakta Lirwanu, wani siriri mai furfura da aka ce ya daɗe a ƙasar waje. Likitan ya murɗa ƙafar, jijiyar ta yi tsallenta, ya gyaɗa kai kamar sun saba.

"Ba sai an farke ka ba," ya ce. "Huda biyu zan yi, ƙanana. Ta ɗaya in zura kyamara mai kaurin tsinken tsire, ta ɗayar in gyara mata makwancinta, in ɗinke abin da ke riƙe ta. Sati shida ka hau babur."

Ya ɗauki biro ya ɗiga ɗigo biyu a bayan idon sawun. Ya ce ya dawo ranar Alhamis, kada ya ci komai, kada ya goge alamar, kuma ya zo da ƙafa mai tsabta.

Namadi ya kiyaye ɗigon nan fiye da katin asibiti. Ko alwala kewaye su yake yi da yatsa. Kuskurensa ɗaya, ya maimaita wa Inna maganar likita kalma bayan kalma. Inna ta auna maganar. A saninta ba a kai wa baƙo ƙafa da mataccen jini na shekara uku a ciki, abin kunya ne. Ranar Laraba da hantsi sai ga Arzika da zabirarsa.

Namadi ya ce, "Inna, anya?"

"Anya mi? Ƙaho ne, ba yanka ba. Ubanka duk shekara sai ya yi."

Arzika ya ga ɗigon, fuskarsa ta washe. "Ka ga likita na ƙwarai. Har ya nuna mini wurin." Ya tsaga daidai kan kowane ɗigo, ya kafa ƙaho, ya zuƙe, ya nuna wa kowa abin da ya fito, sannan ya cusa garin magani da baƙin tukunya. Namadi ya zauna yana kallo. Mutumin da ya riƙe ka kana ɗan shekara bakwai, ba ka janye masa ƙafa.

Yanzu, ranar Alhamis ɗin, Dakta Lirwanu ya shigo da hular tiyata a kansa. Ya tsuguna, ya danna gefen tsagar. Wurin ya yi ja, ya kumbura, yana tsattsafo da ruwa.

"Wa ya riga ni?"

"Wanzami ne, likita."

"Hannunsa bai karkace ba, wannan kam." Ya cire safar hannu a hankali. "Malam Namadi, ba zan iya ba. In na zura ƙarfe ta nan, duk dattin nan zan tura cikin jijiya. Yau tsalle take yi. In ta ruɓe, ƙafar ce za mu yi maganarta."

Inna ta matso. "Likita, ka ɗan gusa gefe mana. Ƙafar ai da faɗi."

"Inna, ƙofar ke nan, babu wata. Sai ta warke. Sati uku."

"To sati ukun mu dawo," in ji Namadi da sauri.

Likita ya dubi Sista, Sista ta dubi takardar hannunta. Gobe da safe za a naɗe na'urar a mayar cikin akwati. Yaushe za su dawo? Ƙungiyar da ta turo su ba ta faɗa ba. Akwai aikin da ake yi a manyan birane, a farke ƙafar a sa siminti wata uku. Likita ya rubuta masa takarda zuwa can, da ƙwayoyin magani na kwana bakwai. Azumi saura kwana tara.

"Lamba goma sha biyar!" Sista ta kira. Wani mai ciwon gwiwa ya miƙe da fara'a.

A tashar Gummi suka zauna kan benci suna jiran bas ta cika. Inna ta kwance ƙullin ƙosai ta tura masa, tunda yanzu babu dokar hana ci. Ya ɗauki ɗaya, ya riƙe.

"Ka dai ga jinin da idonka," ta ce. "Baƙi ƙirin."

"Na gani, Inna."

"Arzika zai tambaye ni. Mi zan ce mishi?"

"Ki ce likita ya ce bai kuskure wurin ba."

Inna ta gyara lulluɓinta, hankalinta ya ɗan kwanta. Ta sunkuya ta duba farin bandejin, ta taɓa kumburin da yatsa.

"Wanga kumburi saura ne bai gama fita ba. Asabar sai ya zo ya ƙarasa."

Namadi ya buɗe baki. Ya dubi hannunta da ke kan ƙafarsa, ya tuna tun asuba ita ma ba ta sa komai a bakinta ba.

"To, Inna," ya ce.